Koren Layi

Wata bakwai ina tara kuɗin
a gwangwanin madara, bayan takardun jarrabawa.
Da rana ina koyar da lissafi a Gwammaja,
da dare ina ƙona yatsa da dalma.
Mita takan gaya mini yawan wuta,
ba ta taɓa nuna mini fuskarta ba.
Shi ya sa na ƙwallafa rai a kan osiloskof,
in ga lantarki ido da ido.

Malam Ɗayyabu mai gyaran rediyo a Fagge
bai ko ɗago kai daga kan teburinsa ba.
Ya ce, kada ka saya a sanyaye.
Bar shi ya ɗau zafi tukuna.
Na'ura ma sai an zauna da ita
halinta ke fitowa.

Asabar, Sabon Gari, layin kayan wuta.
Na farko yana ƙyalli, an goge shi da mai.
Na ce a kunna. Yaron shago ya dubi sama:
babu wuta, amma wallahi jiya ya yi aiki.
Na bar masa jiyansa, na yi gaba.

Na biyu na kai hanci bakin tagar iskarsa,
na ji ƙauri kamar gidan babbaka.
A bayansa an rubuta ɗari da goma,
wani ya ɗura masa tamu mai ɗari biyu da ashirin.
Kusoshinsa duk sun sha sukundireba.
Wanda likitoci suka yi ta farkewa
ba ni zan yi jinyarsa ba.

Na uku yana shagon Ikenna,
ƙarƙashin tulin sifiku, ya yi futu-futu,
mariƙinsa ɗaure da baƙin salatif,
nauyi kamar dutsen niƙa.
Na ce ni zan sayi fetur, lita ɗaya.
Ya yi dariya, ya ja igiyar janareta.

Shiru.
Sai wani ɗigo kore ya buɗe ido,
ya miƙe, ya zama layi.

Na zauna a kan benci na ƙi tashi.
Na sha kunun aya, na ƙara,
rabin awa ina kallon layin nan
ko zai dushe, ko zai karkace, ko zai gudu.
Na leƙa gilashin ta gefe ina neman tabon ƙuna,
babu.
Na maƙala tsinken awo a ƙugiyar gwaji,
layin ya kakkarye gida-gida,
kowace kusurwa tsaf, kamar magini ya sa ma'auni.

Na murɗa kowane maɓalli, ɗaya bayan ɗaya.
Hanya ta farko lafiya lau.
Ta biyu na ɗan rawa in an taɓa ta,
datti ne, na sani, amma ban faɗa ba.
Ikenna ma ya sani. Muka dubi juna.
Na taya, ya ce albarka,
na miƙe, ya ce dawo mana, Malam,
ya sallama, ya ƙara mini tsinke guda gyara.

A Adaidaita Sahu na rungume shi a cinya,
kowane rami na titi sai na ji shi a haƙarƙarina.

Bayan isha'i aka kawo wuta.
Na haɗa masa tsohuwar makirfo.
Ramlatu, autata, ta matso tana tsoro,
ta ce, Baba?
Layin ya yi tsalle, ya yi tudu uku, ya kwanta.
Ta ja da baya. Ta sake matsowa.
Ta ce Baba, ta ce tuwo, ta ce Ramlatu,
ta kira sunan kowa a gidan har da mage,
uwarta na ta kira a zo a ci abinci
har miya ta huce.