Daƙiƙa Tara

Ƙarfe biyar saura kwata, garin Pucón na barci,
dutsen Villarrica na busa hayaƙinsa a hankali
kamar tsohon da ya ƙi barin taba.
Ni ke riƙe da agogo,
aikina ke nan tun ina ɗan sha huɗu.
Yayata Millaray ta tsoma ƙafa a tafki,
ta ja tsaki, ta faɗa ciki.

Ruwan nan bai san kowa ba.
Bai san ta taɓa zuwa ta shida a Turai ba,
bai san da kusoshi huɗu a ƙashin kafaɗarta
tun ranar da kare ya gitta gaban kekenta ba.
Hularta ja kawai nake hange,
tana nitsewa, tana ɓullowa,
kamar barkono a tukunyar da ta tafasa.

Kafin rana ta leƙo ta hau keke.
Kilomita casa'in, hanyar Curarrehue,
iska na turo ta baya, tana tura iska.
Don Evaristo na bin ta a tsohuwar motarsa,
kansa a waje, yana ihun lambobi,
bai taɓa ce mata sannu ba.
An ce sannu ba ta hana zuwa;
wanda ya faɗa bai taɓa riƙe agogo ba.

Sai gudu.
A nan ƙafafu ke zama na aro,
cinya ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo.
Farcenta uku sun yi baƙi, ɗaya ya fita,
gishirin gumi ya zana mata taswira a riga.

Bara zif ɗin rigar ninƙayarta ya cije.
Daƙiƙa tara tana kokawa da shi a bakin ruwa,
mata uku suka wuce.
Bayan sati biyu kamfanin takalma ya aiko takarda
mai cike da godiya, babu kuɗi.
Tun daga ranar, kullum bayan cin abincin dare,
a tsakiyar kicin, gaban murhun itace,
takan sa rigar ta tuɓe, ta sa ta tuɓe,
sau ashirin, ina danna agogo,
kyanwa na kallonmu daga kan buhun dankali.

Mama ta ce, shekara talatin da ɗaya, Millaray,
sa'o'inki na da gida da albashi,
sai yaushe?
Ba ta sami amsa ba.
Barci ya ɗauke ta a kan teburi,
cokali a hannu, taliya ta huce,
man sarƙar keke har yanzu a ƙaurinta.

Na zare cokalin.
Na duba littafin Don Evaristo:
gobe ninƙaya mita dubu huɗu, an ce za a yi ruwa.
Na saita ƙararrawa huɗu da rabi.