Kifi Biyu a Yagwa

Malam Filibus ya karanta:
gurasa biyar, kifi biyu, mutum dubu biyar.
Muka fito muna musu a gindin darbejiya:
gurasar ce ta hayayyafa,
ko kowa ne ya kwance ƙunshinsa?

Ban da Damaris.
Ta hango matar da ta haye Logon jiya,
ba mai jin yarenta,
goyonta na tsotsar yatsa.
Ta ɓalle busasshiyar tarwaɗa biyu,
ta tura mata kwanon tuwo.

Mu kuwa yunwa ta raba gardamar.
Da dare na sake buɗe wurin.
Ashe kafin Yesu ya taɓa gurasar
sai da ya dubi taron,
ya ji tausayinsu.
Nan na tsallake da safe.