Mai Zana Layi

Shekara goma sha tara ina zana layin filin kwalejinmu a Zuru,
da farar ƙasa a gwangwani mai huji.
Ashe akwai masu zana nasu a ofis,
da biro, ƙarƙashin fanka.

Ran Talata takarda ta iso:
an faɗaɗa gasa, an sake rabon rukuni.
Mu an cilla mu gabas,
'yan Yawuri an bar su a bakin kogi.

To, wa za mu tsokana yanzu?
Su zo da ƙarnin kifi a riga,
mu ce Sarkawa, su ce 'yan kan dutse,
a tashi kunnen doki,
a ci tuwo kwano guda.

Dantani direba ya ƙirga garuruwan sabuwar hanya,
yatsu suka ƙare, hanya ba ta ƙare ba.
Shugaba ya ce akwai kuɗi ciki, har da talabijin.
Wataƙila.

Jiya na zana da'irar tsakiya,
ta fito a karkace.
Manga mai tsaron raga ya ce in gyara.
Na ce bar ta,
baƙin da ke tafe ba su san yadda take a da ba.