Ɗan'uwan da Bai Taɓa Gumi Ba

Ni Gambo ne, tagwaye na bi,
kada a koya mini halinsu.
Na ga Hassana ta yanke da wuƙa a madafa,
Usaina na bakin rijiya ta saki guga tana yarfa hannu.

Shekara ashirin da uku ina kiwon injin matse gyaɗa
a bayan Ƙofar Ƙaura.
Sukudireba a jikin ƙarfe, ƙotarta a kunnena,
nakan ji ciwonsa tun bai yi nishi ba.

Sai ga Bara'atu ta dawo daga karatu
da wayoyi cike da jaka.
Ta manna masa ƙananan kunnuwa goma sha biyu,
wannan na jin zafi, wancan na jin kakkarwa,
ta buɗe kwamfuta ta ce, "Baba Gambo, ga ɗan'uwansa."

Na leƙa. Ga shi yana juyi cikin gilashi,
ba baƙin mai, ba ƙanshin tunkuza.
Na ce, ɗan'uwan da bai taɓa gumi ba?

Ta ce koyo yake.
Duk abin da na ƙarfe ya sha da rana,
na gilashi ya kwana yana tilawarsa.

Wata Laraba ya shara ƙarya,
wai boris zai ci wuta kafin la'asar.
Motar Jibiya na jira muka kashe, muka kwance,
boris lafiya lau.
Na damƙi gyaɗar na murza:
ta Batsari ce, ba ta gama shan rana ba.
Danshi ke sa shi wannan tarin.
Bara'atu ta rubuta, ta ba shi.
Bai yi musu ba. Nan kam ya fi yaran shagona.

Bayan wata huɗu ya sake magana:
kwana tara, ƙarfen hagu zai tsage.
Na kara kunne sau uku, shiru.
Don kunya sai da dare na kwance shi, ni kaɗai, da tocila a baki.
Ga tsagar nan, siririya kamar gashin jinjiri.

Na daɗe zaune kan buhu.

Yanzu da sassafe su biyun nake gaisarwa.
Na ƙarfe da tsumma da giris.
Na gilashi ban san inda ake shafa kansa ba,
nakan dai faɗa wa Bara'atu abin da na jiyo jiya
ta zuba masa,
don kunnen nan ya fara nauyi,
ba na so ya tafi da abin da ke cikinsa.