Tankin Kan Rufi

A haihuwar fari, amalanke uku na kirya
muka ƙone a wankan jego.
Dajin bayan Dukku ya ja baya,
idon Goggo Dudu ya yi ja.

Bana Bappayo ya hau kan kwano
da tanki da baƙin faranti.
Goggo ta taɓe baki:
"Ruwan da bai ga wuta ba
shi zai gasa mai jego?"

Da la'asar ta murɗa famfo,
ta sa yatsa, ta janye ba shiri.
"Miƙo ganyen darbejiya."

Tsohuwar tukunya na kife gindin rumbu,
kaza na ƙwai a inuwarta.
Goggo dai har yau tana mita:
ruwan ba ya ƙamshin hayaƙi.