Shafi na Sittin da Ɗaya

Sallau nake, direba, ban yi boko mai nisa ba,
amma shekara tara ina tuƙa Mai Shari'a Ma'aruf
daga kotun ɗaukaka ƙara zuwa gida Daura,
kuma kunnen da ke riƙe da sitiyari
ba a taɓa sa masa kwaɗo ba.

Hutun kotu na bana da kaya ya zo:
takardun neman aiki ɗari da sha huɗu
cikin kwalin sabulu biyu a bayan mota.
Mataimakin bincike yake so, mutum guda,
mai kwana kan fayil
kamar mai jinyar da bai ga barci ba.

Tun daga Kazaure waya take kuka.
Wancan ɗan aminin kawu,
wannan surukin wani babba.
Har rago aka aiko, mai ƙaho kamar gammo.
Ya ce, "Sallau, mayar,
ka ce gidan nan ba a kafa turke ba."

Uku suka rage, ran Laraba, ana yayyafi.
Tasi'u da kwat da sakamako mai daraja ta ɗaya,
Mudassir da wasiƙar farfesa, hatimi har biyu,
sai Zuwaira daga Mai'adua, a kan acaɓa,
taɓo har idon sawu,
ba ta ko sami zarafin gogewa ba.

A zaure ya miƙa musu tsohon hukunci,
rikicin gona, an lulluɓe sunan alƙali da tawada.
"Awa guda. Ku faɗa mini ko an yi daidai."
Ni da na ɗauko shi daga sito na san na wane ne,
sai na zuba shayi, ban ce uffan ba.

Tasi'u ya yaba, Latanci na zuba kamar indararo.
Mudassir ya jero shari'u goma da shekarunsu,
ko ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Ita ta daɗe da yatsa a wuri guda.
"Ranka ya daɗe, shafi na sittin da ɗaya.
Shaida ya ce gabas da rijiya,
hukunci ya ce yamma.
Ko hannun mai bugawa ne, ko idon alƙali,
sai na ga asalin littafin zama.
Yanzu dai, ban sani ba."

Fanka ce kawai ke magana.
Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
ya sake cirewa.
Ya sallame su, shayinsa ya huce bai sha ba.

Daren nan fitilar sito ta kai asuba,
ina jin kwalaye suna sauka, yana tari.
Abin da ya gani ciki,
bai faɗa wa kowa ba.

Da hantsi ya ce, "Je ka Mai'adua.
Ka ce Litinin, ƙarfe takwas.
Ka ce albashin ba ya sayen mota,
za ta yi rubutu har yatsa ya yi kanta,
sunanta kuma ba zai hau takarda ba."

Na tafi. Gero ya yi kai dama da hagu.
Duk rijiyar da na wuce sai na waiga,
in duba gabas, in duba yamma.
Wani na noma gonar nan yau,
wani kuma ya sayar da garmarsa,
wane ne wane,
ni ma ban sani ba.