Kamu Ɗaya Bayan Kujera

Arzika ya kawo a-kori-kurarsa bayan La'asar,
fara ce a da, yanzu launin hanyar Aliero gare ta.
Ƙofa biyu, kujera ɗaya.
Warin albasa ya riga ta shigowa gareji.

Ya dire kwali a gabana:
rediyo mai cin memori, amfilifaya, sifika huɗu,
da wata baƙar uwar ganga mai faɗin faifai.
"Rewaya, so nike in na tashi nan Jega
mutanen Maiyama su san na taso."

Na tura kujera gaba na leƙa.
Wurin bai kai kamu ba.
Jak, buzun salla, igiyar ɗaurin kaya,
rasit na 'yan haraji sun yi laushi kamar dafaffiyar rama,
goro guda da ya bushe ya zama tsakuwa.
Na ce, "Nan za a durƙusar da raƙumi?"
Ya ce, "Kai ka jiyo. Ni kuɗi ni biya."

Mainasara kafinta ya zo da zarto,
ya auna da ido, ya auna da tsinke,
ya fitar da akwati siriri, ƙasa da kauri, sama kamar allo.
Sau uku muna cusawa, sau uku kujera na ƙin komawa.
A na huɗu ta ce ƙwas.

Jar waya daga batir, fis kusa da ita,
na bi da ita ta hudar da ɓera ma zai yi shawara.
Baƙar kuwa ƙarfe tsirara take so,
sai da na kankare fenti har ya yi ido.
Muka ta da inji.
Wani sauro ya shiga cikin sautin,
a taka totur ya yi sama, a saki ya sauko.
Na kwance, na sake hanya, na naɗe da salatif.
Sauro ya mutu.
Ƙofar hagu ta kama rawar ɗari,
na toshe mata baki da guntun katifa.

Duk wannan, mai riƙe min tocila
Tunau ne, yaron mota.
Hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya.
Biyu sun shiga ƙofofi, biyu sun rasa masauki,
suna kwance a kwali, baki sama.

Da kalangu ya fashe a cikin motar
har madubi ya ɗauki kyarma,
Arzika ya rufe ido yana dukan sitiyari.
Yaron ya matso kunnena:
"Maigida, baya ana ji?"

Gaba na fasinja ne, mai biya.
Shi bisa buhu yake kwana, daga nan har inda kaya suka ƙare.
Abin da ke isa gare shi iska ce,
sai dum, dum, ta cikin ƙarfe,
kamar ana daka a gidan da ba a gayyace ka ba.

Ban amsa ba.
Na yanke gindin galan na man juye,
na zaunar da sifika ta uku a ciki,
na huda ƙarƙashin gilashin baya,
na ɗaure ta jikin ƙarfen rumfa, tana kallon buhuna.

Arzika ya zagayo. "Wagga fa, wa ka biya?"
Na ce, "Cikin kwalinka ta fito."
Ya dubi galan, ya dubi yaro,
ya tofar da goro: "Ruwa dai kar shi taɓa ta."

Sun tashi bayan Isha'i.
Ina wanke hannu da fetur ina jin su
har suka hau titi, har suka yi nisa,
muryar mawaƙi na fita ta baya,
wata siririya na bin ta, tana kuskure baiti.

Sai da na zo rufe shago na tuna
tocilata na hannunsa.
Ta huɗun tana nan kan kanta.
Alhamis za su dawo.